Taƙaitaccen Tarihin Kathe Kollwitz, Mai Zanen Fastocin Bango (1867-1945)

Gabatarwa

Fasta, wato babbar takardar nan mai hoto da ɗan rubutu wadda ake mannawa a bango, hanya ce ta isar da saƙo ga mai wucewa wanda ba shi da lokacin tsayawa ya karanta dogon bayani. Manufar wannan maƙala ita ce ta kawo tarihin wata Bajamushiya, Kathe Kollwitz, wadda ta shahara wajen amfani da wannan hanya domin bayyana halin da talakawa suke ciki da kuma yin kira ga barin yaƙi. Za a ga cewa ƙarfin fastocinta ya samo asali ne daga abin da ta gani da idonta, da kuma abin da ya same ta a cikin gidanta.

Asalinta da Karatunta

An haifi Kathe ran 8 ga watan Yuli, 1867, a birnin Konigsberg, wanda a yau yake cikin ƙasar Rasha da sunan Kaliningrad. Mahaifinta, Karl Schmidt, ya karanci shari'a amma ya kama sana'ar gini, kuma mutum ne mai ra'ayin kare haƙƙin ma'aikata. Shi ne ya fara lura da baiwar 'yarsa, ya samo mata malaman zane tun tana ƙarama. Da yake a wancan zamani manyan makarantun zane na hukuma ba sa karɓar mata, sai ta yi karatunta a makarantun da aka keɓe wa mata a Balin da Munich.

A shekarar 1891 ta auri Karl Kollwitz, wani likita da ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a unguwar ma'aikata ta arewacin Balin. A wannan gida ta zauna fiye da shekara hamsin, suka haifi 'ya'ya biyu maza, Hans a 1892 da Peter a 1896. Kullum matan leburori suna zuwa da 'ya'yansu marasa lafiya wurin mijinta, ita kuwa tana kallon fuskokinsu da hannayensu da irin zaman da gajiya take sa mutum ya yi. Waɗannan mata su ne suka cika zane-zanenta har ƙarshen rayuwarta.

Farkon Takun-saƙarta da Masu Mulki

A 1893 ta kalli wani wasan kwaikwayo na Gerhart Hauptmann a kan boren da masaƙan lardin Silesiya suka yi a 1844 saboda yunwa da ƙarancin lada. Wannan ya sa ta yi jerin hotuna shida a kan boren. Da aka nuna su a Balin a 1898, alƙalan nunin suka ba da shawarar a ba ta lambar zinariya, amma Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya ƙi amincewa.

A 1906 aka nemi ta zana fastar wani nuni a kan masu aikin hannu a cikin gidajensu, waɗanda 'yan kasuwa ke biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai ta zana fuskar mace ɗaya tak, idanu sun faɗa, gajiya ta bayyana. Matar sarki ta ƙi zuwa wurin nunin sai da aka kawar da fastar. Haka kuma a 1912 ta zana wata a kan cunkoson gidajen haya, inda wata yarinya ke riƙe da jariri kusa da allon da ya hana yara wasa a tsakar gida. Rubutun fastar ya bayyana cewa mutum 600,000 na Balin suna zaune ne a gidajen da kowane ɗaki yake ɗauke da mutum biyar ko fiye. Ita ma hukuma ta hana manna ta, bisa zargin tana tunzura talakawa a kan masu hali. Daga nan za a fahimci cewa masu mulki sun riga kowa gane tasirin waɗannan hotuna.

Rashin Ɗanta

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, Peter ya nemi shiga soja yana ɗan shekara goma sha takwas. Doka ta ce sai da yardar mahaifinsa, shi kuwa likitan bai so ba. Kathe ce ta sa baki har ya amince. Cikin watan Oktoba na wannan shekara aka kashe yaron a fagen fama a ƙasar Beljiyam. Wannan rashi, tare da sanin cewa da hannunta a cikin tafiyarsa, shi ya juya tunaninta game da yaƙi baki ɗaya. A watan Oktoba na 1918, sa'ad da mawaƙi Richard Dehmel ya yi kira ga sauran samari su fito a ci gaba da gwabzawa, ta mayar masa da martani a jarida tana nuna cewa mutuwar da aka yi ta isa haka.

Fastocin Bayan Yaƙi

A 1919 ta zama mace ta farko da aka zaɓa cikin Majalisar Masana Fasaha ta Furusiya, aka kuma ba ta muƙamin farfesa. Wannan girma bai janye ta daga aikin bango ba. A 1920 ta yi fastar neman agaji ga yaran Biyana da yunwa ta addaba, a 1921 ta yi wata domin mutanen Rasha da fari ya halaka amfanin gonarsu. A 1923, shekarar da kuɗin Jamus ya lalace har burodi ɗaya sai da biliyoyi, ta zana wa ƙungiyar ƙwadago ta duniya hoton waɗanda suka tsira daga yaƙi: uwa ta rungume yara, ga tsofaffi da sojojin da suka makance kewaye da ita. A wannan tsakani ne kuma ta zana yaran Jamus suna miƙa kwanoninsu wayam, idanunsu sama.

Fastarta da ta fi shahara ita ce ta 1924, wadda ta yi wa wani taron matasa a birnin Leipzig shekara goma bayan fara yaƙin. Saurayi ne guda ya ɗaga hannun dama sama yana rantsuwa, na hagu a ƙirjinsa, bakinsa buɗe, tare da kalmomi uku na Jamusanci masu kira kada a sake yin yaƙi.

Dabararta

Yawancin fastocinta ta hanyar bugun dutse ta yi su. Ana zana hoton da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, sa'an nan a shafa tawada mai mai, wadda ke kama wurin da aka zana kaɗai, a danna takarda a kai. Ta haka ake samun kwafi masu yawa da araha. Baƙi da fari ta fi amfani da su, takan rage mutanen hoton, ta bar bayansu fili, ta mai da hankali ga fuska da hannu. Sau da yawa da hannunta take rubuta kalmomin. Saboda haka ko wanda bai iya karatu ba yana gane saƙon da kallo ɗaya. Bugu da ƙari, ko da yake ƙungiyoyi dabam-dabam sun nemi aikinta, ba ta taɓa shiga wata jam'iyya ba.

Ƙarshen Rayuwarta

A 1932 da farkon 1933 ta sa hannu a takardar kira ga jam'iyyun ma'aikata su haɗa kai su tare 'yan Nazi. Da Hitila ya hau mulki a 1933 aka tilasta mata barin majalisar masana, daga baya aka cire ayyukanta daga gidajen nuni. A 1936 'yan sandan ciki suka yi mata tambayoyi tare da barazanar kai ta sansanin tsare mutane. Mijinta ya rasu a 1940. A 1941 ta yi bugun dutsenta na ƙarshe, uwa ta baza hannuwa tana kare yara uku. Shekara guda bayan haka aka kashe jikanta, shi ma mai suna Peter, a fagen yaƙin Rasha, kuma a 1943 bom ya rushe gidanta na Balin da ayyuka masu yawa a ciki. Ta rasu a Moritzburg, kusa da Dresden, ran 22 ga Afrilu, 1945, saura kwana goma sha shida yaƙi ya ƙare a Turai.

Kammalawa

Kiran da ta manna a bango a 1924 bai hana yaƙi na biyu ba, bai kuma ceci jikanta ba. Duk da haka, masu zanga-zangar neman zaman lafiya a Jamus sun sake ɗaga wannan fasta shekaru da dama bayan rasuwarta. An buɗe gidajen adana ayyukanta a Kolon a 1985 da Balin a 1986, kuma tun 1993 babban kwafin gunkin da ta ƙera na uwa rungume da gawar ɗanta yake tsakiyar ɗakin da Jamus ta keɓe a Balin domin tunawa da waɗanda yaƙi da zalunci suka halaka.