Ɗan Hausa na Nassarawa: Alherin da ya zo da lissafinsa

A unguwar Nassarawa GRA da ke Kano akwai wani tsohon ginin ƙasa mai zankwaye da ake kira Gidan Ɗan Hausa, wanda a yau yake hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar. Mutumin da gidan ya ci sunansa ba Bahaushe ba ne. Sunansa Hanns Vischer, kuma ƙwarewarsa a harshen ce ta sa mutanen ƙasa suka laƙaba masa Ɗan Hausa. Shi ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewacin Najeriya, kuma har yau rayuwarsa tana tayar da tsohuwar tambaya: shin akwai alherin da mai yinsa ba ya neman komai a cikinsa?

An haifi Vischer a birnin Basel na ƙasar Siwizalan a 1876, a gidan attajirai. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij ta Ingila, kuma da ya so, da ya zauna a Turai cikin wadata har ƙarshen ransa. Sai ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS, ya zo ƙasar nan a farkon ƙarni na 20 da niyyar yaɗa addinin Kirista a tsakanin Hausawa. Bai daɗe a aikin ba. A 1903, shekarar da sojojin Birtaniya suka ci Kano da Sakkwato, ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya, ya shiga aikin mulkin mallaka, aka tura shi Borno.

A 1906, da zai koma bakin aiki bayan hutu, ya ƙi bin hanyar teku. Ya tashi daga Tarabulus ya ratsa Sahara ta Murzuk da Bilma har zuwa Tafkin Chadi, tafiyar watanni a kan tsohuwar hanyar fatake da cinikin bayi. A ayarinsa akwai alhazai da 'yantattun bayi masu neman komawa gida, waɗanda suka raɓe shi don samun kariya. Su kam sun amfana. Shi ma bai tashi a banza ba: littafin da ya buga a kan tafiyar a 1910 ya ɗaukaka sunansa a Turai, kuma bayanin hanya da rijiyoyi abu ne da masu mulkin mallaka ke bukata. Tun daga nan alherinsa da ribarsa suke tafiya a ayari ɗaya.

Gwamna Percy Girouard ne ya ɗora masa aikin tsara ilimi. Vischer ya je Masar da Sudan ya ga yadda ake tafiyar da makarantu a ƙasashen Musulmi da ke ƙarƙashin Turawa, sannan a 1909 ya kafa tasa a Nassarawa, a wajen ganuwar birni, zamanin Sarkin Kano Abbas. Ya fara da horar da malamai, daga baya aka ƙara ajin 'ya'yan sarakuna da makarantar elemantare da sashen koyon sana'o'in hannu. Da Hausa ake koyarwa, ɗalibai suna sanye da tufafinsu na gida, malaman addini suna ci gaba da karantar da su. Tsohon ɗan mishan ɗin bai shigar da wa'azin Kirista cikin aji ba, duk da cewa iyaye da yawa sun daɗe suna zarginsa. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan Romawa, waɗanda suka zama tushen rubutun boko.

Babu dalilin shakkar cewa yana ƙaunar harshen da mutanensa. Amma makarantar tana da wani aikin da aka gina ta dominsa. Mulkin da Turawa suka kafa ta hannun sarakuna yana bukatar magatakarda da ma'aji da masu auna gonaki don yanka haraji, kuma daga Nassarawa aka riƙa samo su. Zaɓen boko a kan ajami ya sauƙaƙa wa jami'in Bature karanta takardun hakimai, alhali dubban malaman da suka ƙware a ajami da Larabci sun wayi gari iliminsu ba ya kai su ga aikin hukuma. Taƙaita Turanci ya kare al'ada, ya kuma hana tasowar irin lauyoyi da 'yan jaridar Legas da suka addabi gwamnati da suka. Ɗan talaka bai sami gurbi sosai ba, 'ya mace kuwa sai da aka yi kusan shekara 20 kafin hukuma ta buɗe mata aji a Kano da Katsina. Kuɗin makarantun ma wani kaso daga baitulmalin sarakuna ya fito, wato daga harajin manomin da ɗansa bai shiga ba.

Masana halittu sun daɗe suna fama da irin wannan tambaya a kan dabbobi. A 1964 William Hamilton ya bayyana dalilin da ya sa halitta kamar ƙudan zuma ke ba da ranta don kare amya: 'yan'uwan da ta kare suna ɗauke da irin gadon halittarta, saboda haka asararta riba ce ga zuriya. A 1971 Robert Trivers ya nuna yadda taimako ke ɗorewa tsakanin waɗanda ba dangi ba muddin ana sa ran ramawa, abin da Bahaushe ya riga ya taƙaita da cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya. Makiyayi kuma ya san carki, tsuntsun da ke cire wa saniya kaska, amma in ya ga miki sai ya zauna yana tonon sa yana shan jini. Saniyar ta huta da kaska, mikinta kuma bai warke ba.

Sai dai wannan bayani na masana yana magana ne a kan dalilin da ya sa ɗabi'a ke wanzuwa, bai ce zuciyar mai alheri ƙarya take yi ba. Uwa tana son ɗanta da gaske, ko da son yana da amfani ga zuriya. Haka mutum zai iya yin aiki tsakani da Allah a cikin tsarin da wasu suka kafa don ribarsu. Niyyar Ɗan Hausa tana tsakaninsa da Mahaliccinsa. Abin da tarihi zai iya aunawa shi ne wanda ya yanke shawarar abin da za a koyar, da wanda ya biya, da wanda aka bari a waje.

Yaƙin Duniya na Farko ya raba shi da Kano. Daga 1923 zuwa 1939 ya riƙe sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka shawara kan ilimi a Landan, inda ra'ayinsa na koyar da yaro da harshen uwa ya bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka. Yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka ta ƙasa da ƙasa a 1926. An ba shi sarautar Sir a 1941, ya rasu a Ingila a 1945.

Abin da ya shuka ya yi 'ya'yan da masu tsarin ba su lissafa da su ba. Daga wannan tushe Kwalejin Katsina ta fito, wadda ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta kuma koyar da Sa'adu Zungur. Da boko aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma da shi Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka riƙa isar da saƙonsu ga talakawa bayan kafa jam'iyyar a Kano a 1950, suna ƙalubalantar tsarin da aka gina makarantar Nassarawa don yi wa hidima.

Matashin da ke kallon gidauniyar ɗan siyasa tana raba buhunan shinkafa gab da zaɓe, ko ƙungiyar ƙetare tana kawo tallafi da sharuɗɗanta, yana gaban tambayar da Kanawan 1909 suka fuskanta. Ƙin karɓar alheri saboda mai bayarwa yana da manufa asara ce, kuma Arewa ta ɗanɗana kuɗar jinkirin karatu. Karɓa ido rufe kuma shi ne yarda wani ya shata wa mutum iyakar abin da zai sani. Waɗanda suka fi cin moriyar kyautar Ɗan Hausa su ne waɗanda suka karɓe ta, suka gane lissafin da ke bayanta, sannan suka yi aiki da ita yadda suka ga dama.