Ju Si-gyeong (1876–1914): Malamin Nahawu Mai Ƙunshin Littattafai

An haifi Ju Si-gyeong a watan Disamba na shekarar 1876 a lardin Hwanghae na ƙasar Koriya. A zamanin nan, duk mai neman a kira shi masani da Sinanci yake rubutu. Harshen gida da na kasuwa ba a ɗauke shi abin nazari ba, alhali yana da baƙaƙensa tun ƙarni na 15, zamanin Sarki Sejong.

Ju ya fara da karatun Sinanci, sa'an nan ya shiga makarantar Baejae a birnin Seoul. A 1896 ya kama aikin gyaran rubutu a jaridar Tongnip Sinmun, inda ya ga kowane marubuci da tasa ƙa'idar, ya ƙudura aniyar daidaita su. Daga baya ya riƙa zagaya makarantu yana koyar da nahawu, littattafansa ɗaure cikin ƙyalle, har aka yi masa laƙabi da wannan ƙunshi.

A 1910, shekarar da Japan ta haɗiye ƙasarsa, ya fitar da littafinsa na nahawu, Gugeo Munbeop. A ciki ya fayyace jimloli da zane, ya kuma ware wa mahaɗan da ke liƙe a ƙeyar aikatau aji na kansu. Ɗafa-ƙeyar sharaɗi, -myeon, irin wannan mahaɗi ce: tana zuwa a ƙarshen ganga dogarau, wadda bisa ƙa'ida ke gabatar babbar ganga. Hausa kuwa a goshi take sa alamarta, tana kuma yarda da jeri biyu: in ruwa ya sauka za mu shuka, ko za mu shuka in ruwa ya sauka. A hira, su ma Koriyawa sukan jinkirta sharaɗin, su kawo shi bayan magana ta ƙare.

Ju ya rasu a watan Yuli na 1914, yana ɗan shekara 37, bai kammala ƙamusun da ya fara ba. Almajiransa, irin su Choe Hyeon-bae, suka ɗora daga nan har aka tsayar da ƙa'idojin rubutu a 1933, wasunsu kuma suka sha ɗauri a hannun Japanawa daga 1942.

Ɗalibin da ya fito daga Buza ko Keita yana da irin wannan aiki a gabansa: Adarancin da ake yi a kasuwa yana jiran mai kasa kunne ya rubuta.