Robert FitzRoy, mutumin da ya fara hasashen yanayi a gaɓar tekun Birtaniya

A daren 25 ga watan Oktoban 1859, wata guguwa mai ƙarfin gaske ta afka wa gaɓar tekun yammacin Birtaniya. Kafin gari ya waye ta farfasa wani jirgin ruwa mai suna Royal Charter a kan duwatsun tsibirin Anglesey da ke yankin Wales.

Jirgin ya taso ne daga birnin Melbourne na Ostireliya, ɗauke da masu haƙar zinariya da ke komawa gida, kuma saura tafiyar sa'o'i ƙalilan ya isa Liverpool. Mutane kimanin 450 ne suka halaka a cikinsa. Idan aka haɗa da sauran jiragen da guguwar ta nutsar, waɗanda suka haura ɗari, rayukan da aka rasa sun kai kusan 800.

A wani ƙaramin ofishin gwamnati da ke birnin London, akwai wani tsohon hafsan sojan ruwa da ya yi imanin cewa da an yi wa jiragen gargaɗi a kan lokaci, da an ceci da yawa daga cikin waɗannan mutane. Sunansa Robert FitzRoy, kuma shi ne ya kafa harsashin hasashen yanayi na kullum da aka sani a yau.

Tasowarsa

An haifi FitzRoy ne a ranar 5 ga watan Yulin 1805 a gundumar Suffolk ta Ingila, a cikin gidan masu sarauta, domin kuwa nasabarsa tana komawa ga Sarki Charles na Biyu.

Yana ɗan shekara 12 ya shiga kwalejin sojan ruwa ta Portsmouth, ya kuma yi fice a karatu. A shekarar 1828, yana da shekara 23, aka damƙa masa jagorancin jirgin Beagle, wanda ke aikin auna gaɓar tekun Kudancin Amurka, bayan da kyaftin ɗin jirgin ya kashe kansa.

Bai daɗe da karɓar aikin ba teku ta koya masa darasi. A farkon shekarar 1829 wata iska mai ƙarfi ta rutsa da jirgin a kusa da mashigin kogin Plate, ta kusa kifar da shi, matuƙa biyu suka mutu. Na'urar barometa, wadda ke auna nauyin iska, ta nuna alamar haɗarin tun kafin ya zo. Tun daga lokacin FitzRoy ya riƙi wannan na'ura da muhimmanci.

Duniya ta fi saninsa ne da tafiyar Beagle ta biyu, daga 1831 zuwa 1836, wadda ya ɗauki matashi Charles Darwin a matsayin abokin tafiya. Abubuwan da Darwin ya gani a tafiyar ne suka zama tushen ra'ayinsa game da asalin halittu, ra'ayin da FitzRoy, wanda ya zama mai tsananin riƙo da addinin Kirista, ya yi adawa da shi a bainar jama'a har ƙarshen rayuwarsa.

Ya zama ɗan majalisar dokoki mai wakiltar Durham a 1841, sannan gwamnan New Zealand a 1843. A can ya ƙi biye wa Turawa 'yan kama wuri zauna a rikicinsu na filaye da 'yan asalin ƙasar, wato Maori. Wannan ya jawo masa baƙin jini, aka kuma sauke shi a 1845.

Ofishin yanayi

A shekarar 1854 gwamnatin Birtaniya ta buɗe wani sashe na nazarin yanayi a ƙarƙashin hukumar ciniki, ta naɗa FitzRoy ya shugabance shi da ma'aikata uku kacal. Wannan sashe ne ya rikiɗe ya zama hukumar kula da yanayi ta Birtaniya.

Aikin da aka ba shi mai iyaka ne: ya tattara bayanan iska da na igiyar ruwa daga littattafan da matuƙan jirage ke rubutawa, domin a gano hanyoyin da suka fi sauri a teku. Babu wanda ya umarce shi da faɗin abin da zai faru gobe. A wancan zamani akasarin masu ilimi suna kallon irin wannan magana a matsayin sana'ar 'yan duba da masu buga littattafan taurari.

To sai dai FitzRoy ya fi damuwa da masunta da matuƙan ƙananan jirage, waɗanda ke mutuwa da yawa a kowace shekara a kusa da gaɓa. Ya tsara wata barometa mai ƙwari da sauƙin karantawa, aka rarraba ta a ƙauyukan masunta, ana kafa ta a inda kowa zai iya dubawa kafin ya shiga ruwa. Ya kuma rubuta ɗan littafin da ke bayanin yadda ake fassara ta.

Waya ta fi guguwa sauri

Bayan haɗarin Royal Charter, FitzRoy ya tattara ma'aunan da aka ɗauka a wurare daban-daban a lokacin guguwar, ya zana su a kan taswira. Taswirar ta nuna cewa guguwa aba ce mai tafiya daga wuri zuwa wuri, kuma ana iya bin sawunta.

Akasarin guguwar da ke addabar Birtaniya daga yamma take zuwa, wato daga tekun Atlantika. Saboda haka wanda ke yammacin Ireland zai ga nauyin iska yana faɗuwa tun kafin wanda ke gabashin Ingila ya ga komai. Wayar tangaraho kuwa, wadda ta riga ta game ƙasar, tana isar da saƙo cikin mintuna.

Daga shekarar 1860 ya kafa tashoshi fiye da goma a bakin teku, ciki har da Valentia a Ireland. Kowace safiya sukan aiko da ma'aunin nauyin iska, da zafi, da inda iska ta fuskanta. A London ake haɗa su a yanke hukunci.

A watan Fabrairun 1861 aka fara aika gargaɗin guguwa zuwa tashoshin jiragen ruwa. Tun da babu rediyo a lokacin, ya ƙirƙiro alamun da ake ɗagawa a kan sanda. Alama mai siffar mazurari idan tsininta ya dubi sama, ana sa ran iska mai ƙarfi daga arewa. Idan ya dubi ƙasa, daga kudu. Akwai kuma mai siffar ganga, da dare kuwa fitilu ake ratayawa.

A ranar 1 ga watan Agustan 1861 jaridar The Times ta buga hasashensa na farko domin jama'a baki ɗaya. Shi ne ya zaɓi kalmar Ingilishi da har yau ake kiran hasashen yanayi da ita, kuma ya zaɓe ta ne da gangan domin ya raba aikinsa da duba ko da'awar sanin gaibu. A wurinsa hasashe ra'ayi ne da aka gina a kan awo da lissafi, wanda zai iya dacewa, zai kuma iya kuskurewa. Ya yi cikakken bayanin hanyarsa a littafinsa na yanayi da ya fito a 1863.

Suka daga kowane ɓangare

Masunta da dama sun rungumi tsarin, har ma an ruwaito cewa fadar Sarauniya Victoria takan aiko a tambaye shi yanayin teku kafin sarauniyar ta ƙetara zuwa tsibirin Wight.

Amma hasashen yakan kuskure, kuma dalilin a bayyane yake. FitzRoy ba shi da ko tasha ɗaya a tsakiyar Atlantika, inda guguwar ke haɗuwa, don haka sau da yawa sai ta iso bakin ƙofa yake ganinta. Ilimin yadda iska mai sanyi da mai ɗumi ke karo da juna kuwa sai bayan yaƙin duniya na farko masana a birnin Bergen na Norway suka fayyace shi.

Jaridu sun riƙa yi masa ba'a duk ranar da ya ce rana aka wayi gari da ruwa. Masu jiragen kamun kifi sun fusata, saboda ma'aikatansu kan ƙi fita idan an ɗaga alama, ko da guguwar ba ta zo ba, lamarin da ke jawo musu asara. Manyan masana kimiyya kuma suna ganin ya yi gaggawa, ya fara faɗa wa jama'a abin da ilimi bai kai ga tabbatarwa ba.

Matsayin FitzRoy shi ne, gargaɗin da ke kuskurewa wani lokaci ya fi shiru alheri ga mutumin da zai shiga teku da ƙaramin kwalekwale. Ya riƙa mayar da martani ga masu sukarsa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya ƙara gajiyar da shi.

Ƙarshensa

A farkon shekarar 1865 lafiyarsa ta taɓarɓare. Jinsa ya ragu, ya daɗe yana fama da matsananciyar damuwa, dukiyarsa kuma ta ƙare, domin ya kashe da yawa daga cikinta a kan ayyukan gwamnati tun zamanin Beagle.

A ranar 30 ga watan Afrilun 1865 ya kashe kansa a gidansa da ke Norwood a kudancin London, yana da shekara 59. Ya bar bashi, har sai da abokai suka yi karo-karo domin tallafa wa iyalinsa, kuma Darwin na cikin waɗanda suka bayar.

Bayan mutuwarsa an kafa kwamitin bincike wanda Francis Galton, ɗan uwan Darwin, ya taka babbar rawa a ciki. Rahoton kwamitin na 1866 ya soki hanyoyin FitzRoy, aka dakatar da hasashen kullum da kuma gargaɗin guguwa.

Sai dai masunta da hukumomin tashoshin jiragen ruwa sun yi ca a kan gwamnati, suna neman a maido musu da alamunsu. Bayan kimanin shekara guda aka maido da gargaɗin guguwa, yayin da hasashen jama'a ya dawo a 1879.

Har yanzu hukumar yanayi ta Birtaniya tana fitar da hasashe na musamman domin jiragen ruwa, wanda ake karantawa a rediyo kullum, an kuma raba tekun da ke kewaye da ƙasar zuwa yankuna 31. A shekarar 2002 aka sauya sunan ɗaya daga cikinsu, wanda ke arewa maso yammacin Spaniya, daga Finisterre zuwa FitzRoy.