Lev Shubnikov, Masanin da Aka Harbe Yana da Shekara 36

An haifi Lev Shubnikov a birnin Santa Fitasbag na ƙasar Rasha cikin shekarar 1901. A 1926 aka tura shi Leiden ta ƙasar Holan, watau cibiyar binciken matsanancin sanyi ta wancan zamani, domin ya yi aiki tare da Farfesa de Haas.

Baiwarsa a hannu take. Ya duƙufa wajen tace wani ƙarfe mai suna bismut har ya same shi garau. Da suka sanyaya shi ƙwarai, suka sa shi cikin ƙarfin maganaɗisu, sai suka ga abin mamaki. Turjiyar da ƙarfen ke yi wa wutar lantarki ba ta hawa sumul, sai ta hau ta sauka, ta sake hawa, gwargwadon yadda ake ƙara maganaɗisun. Suka bayyana wannan a 1930, har yau kuwa da sunayensu ake kiran abin. Dalilinsa shi ne maganaɗisu kan tilasta wa ƙwayoyin lantarki, watau ilektoron, su riƙa kewaye bisa matakan ƙarfi ƙididdigaggu, kamar yadda Landau ya nuna a wannan shekarar.

Ya koma gida, ya shugabanci ɗakin binciken sanyi na Kharkov a Yukren, inda ya gano nau'i na biyu na ƙarafan da lantarki ke ratsawa ba turjiya. Amma zama a waje da abota da Jamusawa abin tuhuma ne a zamanin Stalin. Cikin Agusta 1937 aka kama shi bisa ƙage, ran 10 ga Nuwamba aka harbe shi. Daga baya hukuma ta ce wai a 1945 ya rasu a tsare. Sai bayan mutuwar Stalin aka wanke sunansa.

A 2001 wasu masana suka haska gajerun igiyoyin rediyo, waɗanda ake kira maikurowef, a kan wani siririn shimfiɗin ilektoron, suka ga turjiya na hawa da sauka da ɗan maganaɗisu kaɗan. A 2002 aka ga takan faɗi ƙasa har ta kusa ɓacewa. A takardun awon nan, kusa da sabon abin, akan ga hawa da saukar Shubnikov, da ita kuma ake ƙidaya yawan ilektoron ɗin da ke cikin shimfiɗin.