Saul Bass: Mutumin da Ya Sa Muka Daina Tsallake Sunaye

Da can, idan na sa fim, nakan tsallake sunayen da ake jerowa a farko don in kai ga labari da wuri. Ranar da na kalli Psycho ne na daina wannan hali. Wasu layuka ne ke shigowa da gudu suna yanka sunayen ’yan wasa gida-gida, ga kiɗan Bernard Herrmann yana tsinka zuciya. Ban ga fuskar kowa ba tukuna, amma gabana ya riga ya faɗi. Wannan ya sa na nemi sanin wanda ya tsara shi.

An haifi Saul Bass ranar 8 ga Mayu, 1920, a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga gabashin Turai. Ya koyi zane a New York, sannan ya koma Los Angeles yana zana tallace-tallacen fina-finai.

A wancan zamani sunayen farkon fim jeri ne kawai. Wasu gidajen sinima ma ba sa buɗe labule sai an gama su. Bass ya ga cewa a wannan ɗan lokaci ne ake kama mai kallo. A 1955 ya yi wa darakta Otto Preminger aiki a The Man with the Golden Arm, labarin wani mai shan miyagun ƙwayoyi. Sai ya zana farin hannu a karkace, wanda ya nuna halin mutumin kafin a gan shi.

Daga nan Alfred Hitchcock ya ɗauke shi. A Vertigo (1958) ya fara da idon mace, wasu zobba suna juyawa daga cikinsa har mai kallo ya ji jiri. A North by Northwest (1959) layuka ne suka rikiɗe suka zama bangon dogon bene. Psycho ya biyo baya a 1960. Dabararsa ɗaya ce: a sa wa mai kallo fargaba, amma kada a tona masa sirrin labari.

A 1961 ya auri Elaine, abokiyar aikinsa, suka ci gaba da aiki tare. Gajeren fim ɗinsa, Why Man Creates na 1968, ya ci kyautar Oscar. Ya kuma zana tamburan kamfanoni irin su AT&T. Da tsufa ya zo, Martin Scorsese ya sake jawo shi, shi da matarsa suka tsara farkon Cape Fear (1991) da Casino (1995). Ya rasu ranar 25 ga Afrilu, 1996, yana da shekara 75.

Ya mai karatu, Hausawa sun ce Juma’ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. In ka sake sa fim, ka daure ka kalli sunayen, domin a nan labari yake farawa.