Emil Nolde

Emil Nolde (7 ga Agusta 1867 – 13 ga Afrilu 1956) mai zane ne daga yankin Schleswig, kan iyakar Jamus da Denmark. Ya shahara wajen zanen furanni da fentin ruwa, inda yake barin launi ya malala a kan takarda ba tare da an shata masa iyaka ba. Ana kuma tunawa da shi saboda goyon bayan da ya bai wa 'yan Nazi.

Rayuwar farko

Sunansa na yanka Hans Emil Hansen. Ɗan manoma ne, an haife shi kusa da ƙauyen Nolde. Ya koyi sassaƙar katako a Flensburg daga 1884 zuwa 1888, daga baya ya koyar da zane a St. Gallen ta ƙasar Suwizalan. A 1902 ya auri Ada Vilstrup, 'yar Denmark, ya kuma ɗauki sunan ƙauyensu ya mayar nasa. Ya shiga ƙungiyar masu zane ta Die Brücke a 1906, ya fita a 1907.

Salon zanensa

A 1927 Nolde ya fara gina gida a Seebüll. Shi da Ada suka shuka lambu, suka tsara hanyoyin cikinsa da siffar haruffan A da E, wato farkon sunayensu. Furannin wannan lambu, kamar daliya da jan fofi, su ya yi ta zanawa.

Yakan yi amfani da takardar Japan mai saurin shan ruwa. Sai ya jiƙa ta, sannan ya ɗora fenti da buroshi tun ba ta bushe ba. Launin yakan bazu ya shiga na kusa da shi, har gefen furen ya narke. Aikin yana buƙatar sauri, domin abin da takarda ta riga ta sha ba ya gyaruwa. Ƙarfin launi ya fi damunsa a kan ainihin kamannin fure.

Zamanin Nazi

Nolde ya zama ɗan ƙasar Denmark a 1920, bayan an sake shata iyaka. A 1934 ya shiga wata ƙungiyar 'yan Nazi a arewacin Schleswig, kuma ya nuna ƙiyayya ga Yahudawa a rubuce-rubucensa. Duk da haka gwamnatin Hitler ta ƙi aikinsa. A 1937 aka kwashe ayyukansa sama da 1,000 daga gidajen tarihi, aka baje wasu a Munich a matsayin gurɓataccen zane. A 1941 aka hana shi sayar da zane ko baje kolinsa. A waɗannan shekaru ya yi ƙananan zane-zane masu yawa da fentin ruwa.

Mutuwa da abin da ya bari

Ada ta mutu a 1946, ya auri Jolanthe Erdmann a 1948. Ya mutu a Seebüll, kuma gidansa ya zama gidan tarihi a 1957.

An daɗe ana kallonsa a matsayin wanda 'yan Nazi suka zalunta kawai. A 2019 wani baje koli a Berlin ya nuna takardun da suka tabbatar cewa ya riƙe aƙidarsu har ƙarshen yaƙi. A shekarar ce shugabar gwamnatin Jamus, Angela Merkel, ta sa aka sauke zanensa biyu daga ofishinta, ɗaya daga ciki na lambun furanni ne.