Joseph Fourier, ɗan tela da ya warware lissafin zafi

An haifi Joseph Fourier a garin Auxerre na ƙasar Faransa a 1768. Ɗan tela ne, ya zama maraya tun yana yaro. Ya bi Napoleon zuwa Masar a 1798, daga baya aka naɗa shi gwamnan yankin Isère.

A can ya duƙufa kan binciken yadda zafi ke ratsa ƙarfe. Dabararsa ita ce raba lissafin gida biyu, ɓangaren lokaci daban, na wuri daban, a warware kowanne sannan a haɗa. Babban masani Lagrange bai amince da aikin da ya gabatar a 1807 ba, kuma littafinsa bai fito ba sai 1822.

Ya rasu a Paris a 1830. Har yau da lissafinsa ake sarrafa sauti da hoto a wayoyin salula.